Gardamar asalin taguwa

Duk sanda aka tayar da zancen tufafi sai wani ya ce Larabawa ne suka kawo mana riga, wani ya ce a'a, tamu ce tun kaka da kakanni. Ni dai a ganina ɓata yawu ake yi. Taguwa, rigar nan da ake zurawa ta ka ta sauka zuwa gwiwa, masaƙa ce ta haife ta, kuma duk ƙasar da ake saƙa ta gano abarta.

Wanda ya taɓa zama kusa da tsohuwa tana kaɗi, mazari na juyawa tun hantsi har la'asar zaren bai taka kara ya karya ba, ya san ba a wasa da ƙyalle. Wa zai yarda almakashi ya ci masa wahalarsa? Sai a ninka shi biyu, a huda wuya, a ɗinke gefe, a bar kafar hannu. An gama.

A Tarkhan ta ƙasar Masar an tono wata rigar lilin a 1913, gwaji ya nuna ta haura shekara 5,000, tana ajiye a Landan yanzu. Rumawa kuwa bawa da sanata duk taguwa suke sawa, sai dai ta sanata tana da faffaɗan ratsi launin shunayya, kuma yana yafa babban mayafi a kai, kamar yadda namu manyan ke ɗora babbar riga kan 'yar ciki. A kogunan dutse na Bandiagara a Mali an samu taguwoyin auduga na mutanen Tellem, waɗanda suka zauna a can a da, tun wajen ƙarni na 11, an harhaɗa su da siraran sawaye, wasu an rina da baba. Masaƙanmu za su gane wannan aikin da kallo ɗaya.

Ban musa tasirin Musulunci ba. Ummu Salama ta ruwaito cewa tufar da Manzon Allah (SAW) ya fi so ita ce ƙamis, wato doguwar riga, kuma addini ya sa rigarmu ta ƙara tsawo da sutura.

Abin da ke ba ni haushi shi ne raini. Ka je ɗaurin aure da 'yar shara, ko tabarma ba za a matsa maka ba. Alhali ranar 6 ga Maris 1957, da Kwame Nkrumah ya tsaya a Accra yana shelar 'yancin Ghana, batakari ce a jikinsa, taguwar saƙar hannu ta mutanen arewacin ƙasar.