Ka bar ni in kalli abina

Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk daren da na kunna Star Trek, shirin talabijin na tafiye-tafiye a sararin samaniya, a waya, sai ƙanena ya jawo kujera ya zauna gefena, ba don kallo ba, sai don ya riƙa cewa, "Yaya, wannan ai ƙarya ce."

Jiya a cikin shirin, jirgin sararin samaniya mai suna Enterprise ya isa wata baƙuwar duniya. Kyaftin Kirk da Spock mai kunnuwa masu tsini suka hau na'urar nan da ke ɓatar da mutum ta bayyana shi a wani wuri. Na nutsu ina jira, sai ƙanen nawa ya dafa kafaɗata yana dariya. Sau uku ina mayar da shirin baya, ga data tana ƙonewa.

To wa ya ce masa gaske ne? Tun 1966 aka fara nuna shi a Amurka, kowa ya san ƙirƙira ce. Kuma 'yar na'urar da Kirk ke buɗe murfinta ya kira jirgi, ba mai kama da ita muka zo muka riƙe a aljihu ba? Yau kam sai ya yi barci zan kunna.