Wa Ya Ba Mu Makullin Sama?

'Yan'uwana cikin Almasihu, salama a gare ku. Yau kwana uku ke nan wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro ya ƙi wucewa, shi ya sa na ce bari in faɗe shi a nan, ko wani zai kauce wa ramin da na faɗa.

Kyanwar 'yata ce ta mutu. Yarinyar shekararta bakwai, kuma tun kyanwar nan idonta bai gama buɗewa ba ita ke rainonta. Na dawo gida a gajiye, na tarar da ita a tsugune, ta lulluɓe ta da tsohuwar rigarta, tana shafa ɗan kunnen da ya leƙo waje. Ta ɗago kai, fuska jage-jage da hawaye, ta ce, "Baba, in na je sama zan gan ta?" Ko takalmi ban cire ba na ce, "Ke, sama ba gidan dabbobi ba ce. Tashi daga kan mushen nan ki wanke hannunki." Ba ta ce uffan ba. Ta tashi ta wanke hannun. Da dare wajen addu'a, ita da kullum take riga kowa cewa Amin, ban ji muryarta ba.

A daren nan kuma na shiga Facebook na tarar ana gardama: shin a ƙarshe Allah zai ceci kowa da kowa? Na zage na rubuta dogon bayani, aya bisa aya. Wani ya kawo zancen wani mugun mutum da ya mutu, na ce yana can yana girbin abin da ya shuka. Ina rubutawa ina jin daɗi. Wannan daɗin shi ne ya hana ni barci. Sai na ga ashe bakin da ya kori kyanwa daga sama da yamma, shi ne ya cika wuta da mutane da dare, kuma duka biyun bai tsaya ya ji ciwon kowa ba.

Wa ya ba mu makullin? Yaushe Ubangiji ya kira ni ko kai ya ce ga ƙofa, ka tsare mini?

Ku koma ku karanta littafin Yunana, babi huɗu ne kawai. Mun saba tsayawa a kan kifi, alhali inda maganar take da zafi a ƙarshe ne. Mutanen Nineba, birnin da Allah ya aiki annabi Yunana ya yi wa gargaɗi, suka tuba, sarki ya ba da umarni mutum da dabba kada kowa ya ci ko ya sha, har dabbobin aka rufa musu tsummoki. Allah ya fasa hallaka su. Annabin Allah fa? Ya yi fushi har ya roƙi mutuwa. Ya ce ai dama abin da ya sa ya gudu tun farko ke nan, ya san Allah mai alheri ne, mai jinƙai, mai jinkirin fushi. Ku duba fa, laifin da ya ga Allah ya yi shi ne yawan tausayi. Ya fita bayan gari ya kafa 'yar bukka ya zauna, yana jiran ya ga abin da zai sami birnin. Ni ne wannan, zaune da waya a hannu ina jiran hayaƙi ya tashi. Sai Allah ya tambaye shi, ba zai ji tausayin birnin da ke da mutum fiye da 120,000 waɗanda ba su san damansu da hagunsu ba, ga kuma dabbobi masu yawa? A kan dabbobi littafin ya ƙare. Allah ya ƙirga shanun Nineba cikin dalilansa na jinƙai, ni kuwa ban iya ƙirga kyanwar 'yata cikin abin da ya isa in durƙusa dominsa ba.

Kada wani ya ce na zo in rushe koyarwa. Na gaskata akwai shari'a. Ubangiji Yesu da bakinsa ya yi maganar tumaki da awaki a Matiyu 25, kuma ba ni da ikon share ko wasali ɗaya. Gardamar nan ma ba yau aka fara ta ba. Orijen na Iskandariya, wani malamin ikilisiya a ƙarni na 3, ya sa rai cewa a ƙarshe za a maido da kome ga Allah, aka la'anci koyarwar a shekara ta 543, zamanin Sarki Jastiniyan. Giregori na Nisa a ƙarni na 4 ya rubuta abin da ya yi kusa da haka, ikilisiya kuwa har yau tana girmama shi. Agustin ya ƙi ra'ayin ƙiri-ƙiri, amma da zai ambaci masu riƙe da shi sai ya kira su masu tausayin nan namu, ya ce cikin salama zai yi muhawara da su. Mu kuwa sharhi biyu kawai, mun riga mun kira ɗan'uwa ɗan halaka.

Abin da nake tsawata wa kaina da ku a kai shi ne marmarin. Akwai mai faɗin zancen hukunci murya na rawa, akwai mai faɗinsa yana lasar baki. Allah ya rantse a Ezekiyel 33:11 cewa ba ya jin daɗin mutuwar mugu. Bulus ya gaya wa Timoti Allah yana so dukan mutane su sami ceto. Bitrus ya ce jinkirin da muke gani haƙuri ne, don ba ya so kowa ya hallaka. To in Mai shari'ar kansa ba ya so, kai da kake tsaye a layin waɗanda aka yafe wa, me ya sa kake so? An taɓa tambayar Yesu kai tsaye, a Luka 13, ko kaɗan ne za su sami ceto. Bai ba da adadi ba. Ya ce ku yi fama ku shiga ta ƙunƙuntar ƙofa. Mutum ya zo da lissafin wasu, aka mayar da shi ga nasa ƙafafun.

Ka ji an ce wani tsohon azzalumi ya tuba a gadon asibiti, maimakon ka ce Halleluya sai ka taɓe baki ka ce yanzu ne ya san Allah? Ke kuma, an ce matar da ta raba ki da farin cikinki ta fara zuwa sujada, sai ki ce ba za ki zauna kujera ɗaya da ita ba. Ɗan'uwan ɗan nan mubazzari a misalin da Yesu ya bayar haka ya yi, ya tsaya a waje ya ƙi shiga, har sai da uban ya fito yana lallashinsa. Ɓarawon da ke kan gicciye bai yi baftisma ba, bai ba da zaka ba, ranar nan aka ce masa zai kasance a Firdausi. Da mu ne a gindin gicciyen da mun ce ba a yi adalci ba.

Su dabbobin fa? Manyan malamai sun rabu. Tomas Akwinas a ƙarni na 13 ya ce ran dabba yana ƙarewa da mutuwarta. John Wesley a Ingila, ƙarni na 18, ya yi wa'azi a kan Romawa 8 ya ce halittar da ke nishi za a 'yantar da ita, har da dabbobi. Littafi bai rubuta sunan kyanwar kowa a sama ba, amma ga abin da ya rubuta. Alkawarin bakan gizo a Farawa 9, da Nuhu aka yi shi da kowane mai rai da ya fito daga jirgi. Zabura 36:6 ta ce mutum da dabba Ubangiji ne yake kiyaye su. Ishaya da ya hango mulkin salama, kyarkeci ya gani zaune da ɗan rago, ƙaramin yaro yana bi da su. A Matiyu 10 gwara biyu ake sayarwa a kan ɗan tsabar kuɗi ɗaya, a Luka 12 kuwa biyar a kan biyu. Kun ga ta biyar ɗin gyara ce, ko kuɗi ba a sa mata ba. Yesu ya ce ko ɗayarsu Allah bai manta da ita ba. Duk wannan yana cikin Littafin da ke kan teburina, na tsallake shi na ce wa yarinya mushe.

Kuma ku lura, mai saurin cewa dabba ba ta da rabo a gobe, sau da yawa shi ne mai ɗaure ta a rana ba ruwa a yau. Shi ne mai jifan kare don kawai ya ratsa ta gabansa, mai lafta wa jaki kayan da ya fi ƙarfinsa yana dukansa a kan gyambo. Karin Magana 12:10 ta ce adali yana kula da ran dabbarsa. Jakar Bal'amu da Allah ya buɗe mata baki, abin da ta fara tambaya shi ne me ta yi masa da ya doke ta har sau uku. In aka buɗe bakin waɗanda ke hannunmu, me za su ce?

Jiya na je na zauna a bakin gadonta na ce, "'Yata, ki yafe mini, na yi miki magana da kaushi." Na karanta mata zancen gwara. Na ce wanda ya yi kyanwarki ya san ta, bai manta da ita ba, kuma ya yi alkawari zai sabunta dukan abu. Ta yi shiru, can ta ce, "To Baba, mu gode masa da ya ba ni ita." Muka durƙusa.

Don Allah, 'yan'uwa, in yaro ya zo muku da irin tambayar nan, ku cire takalmi ku zauna tukuna. Sunan nan kuma da ke ranka yanzu, wanda ka riga ka yanke masa wuta, in yana da sauran numfashi ka yi masa addu'a yau kafin ka kwanta. Ni na fara da nawa jiya, da ƙyar sunan ya fita daga bakina. Ku sa ni a addu'a.