M5 ko E63? Amsar da na ba ƙanena na Gwarinpa

Shekarata goma sha ɗaya a Jamus, shi ya sa duk ɗan'uwan da kuɗi suka zauna masa a gida, ni yake fara nema. Makon jiya ƙanena da ke Gwarinpa ya kira: "Yaya, tsakanin BMW M5 da Marsandi E63 S, wacce ta fi?" Tokumbo yake so, ƙirar 2019.

In gudu ake magana, bambancinsu bai taka kara ya karya ba. M5 ɗin zamanin tana da injin V8 mai lita 4.4 da turbo biyu, ƙarfin doki 600. E63 S lita 4.0 ce, doki 612. Kowacce da ƙafa huɗu take ja, kowacce kan kai gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu. Na tuƙa su duka a kan autobahn, babban titin Jamus, inda wasu wurare ba a ƙayyade gudu. M5 ta fi ladabi, tana bin hannu a kwana kamar ta san abin da ke ranka. Ita kuwa E63 kura ce. Gurnaninta kaɗai ya isa maƙwabta su leƙo. A Affalterbach, garin Jamus da ake haɗa injinan irinta, mutum ɗaya ke haɗa kowane injinta da hannu, ya manna sunansa a kai, kuma ina jin wannan ma yana cikin kuɗin da ake biya.

Da a nan ƙanena yake zaune, M5 zan ce ya ɗauka. To amma a Abuja yake. Ina zai taka ta? Titin filin jirgi da asuba, wataƙila. Sauran lokaci tana cikin cunkoson Nyanya tana shan zafi, ga turbo biyu a tsakiyar inji suna gasa robobi da wayoyi. Nan Jamus ana zuba musu fetur mai lamba 98, baƙin mai kan kari, ga duba lafiyar mota na dole duk shekara biyu. A gida kuwa abin da gidan mai ya ba ka shi za ka sha, tsadarsa kuma tun cire tallafi a 2023 kowa ya ji a jikinsa.

Sai tayoyi. Siraran nan ne masu faɗi, rami ɗaya a hanyar Akwanga kafin Hawan Kibo ya isa ya lanƙwasa rim. Mu kuwa duk Sallah sai mun je Jos gaida Hajiya.

Duk da haka Marsandi na ce masa. Ba don ba ta lalacewa ba: a kan balan-balan na iska take zaune, ranar da ɗaya ya fashe za ka tarar da ita ta durƙusa kamar raƙumi, gyaran kuma ba na yara ba ne. Dalilina shi ne Apo, matattarar kanikawan Abuja. Kanikawanmu sun daɗe da Marsandi tun zamanin 200 ta iyayenmu, kayan gyaranta sun fi samuwa. BMW kuwa har yau tana fama da sunan da M5 mai V10 ta 2005 ta jawo mata, wadda matsalar giya da ta metal ɗin inji suka sa mutane da yawa kuka. Ta 2019 ta fi ta ƙwari nesa ba kusa ba, amma je ka gaya wa dillali haka ranar da za ka sayar.

Na ƙara masa da cewa kada ya kuskura ya sayar da Camry ɗinsa. Ya yi dariya, wai Turai ta mayar da ni matsoraci. Jiya ya turo mini hoton wata M5 baƙa, yana tambaya ko na san mai duba ta a Hamburg.