Kundin ba ya goguwa, amma wa zai je ya duba rijiyar?

Na karanta labarin nan da ke cewa a riƙa rubuta kwangilolin gwamnati a fasahar bulokcen. Kundi ne guda da ake ajiye kwafinsa a kwamfutoci da yawa, kowane shafi ɗaure da wanda ya gabace shi, in ka taɓa lamba ɗaya sauran kwafin su tona maka asiri. Ke nan ba sauran buɗe tayin wani cikin dare don yaron oga ya rage farashi ya ci, ba kuma zancen "fayil ya ɓata". Wannan kam na yarda da shi. Ai tun Mayun 2023, lokacin Pantami yana minista, majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar ƙasa kan fasahar.

Amma fa ni a ƙauye nake, gefen Ringim. Rijiyar burtsatsen unguwarmu a takarda an gama ta. A ƙasa kuwa rabi suka haƙa suka kwashe kayansu, har yau yaranmu na bin jarka. Da an shigar da "an kammala" cikin bulokcen, ƙaryar ce za ta zauna daram, ba mai goge ta.

Don haka kar a saki kuɗin ƙarshe sai mai unguwa da kwamitin gari sun shaida ta waya, da hoton ruwa na zuba. Sunan ɗan kwangila da kuɗin aikin kuma a karanta su a rediyo da Hausa, don mu nan sai ka hau tudu kake samun sabis.