Gobarau cikin hazo

Yaji nake sayarwa a bayan Ƙofar Marusa a Katsina, kuma a leda nake ƙulla abina ba mai ce mini kanzil. Sai ƙanena ɗan boko ya zuga ni, wai yanzu takarda ke sayar da kaya. Muka shirya za a buga mini takardar naɗi fara fat, hasumiyar Gobarau a tsakiya, jan barkono a gefe. Ya kai aikin wata masana'anta a Legas mai injin buga takarda da ake kira girabiya.

Tun wajen kuɗi jikina ya yi sanyi. Kowace kala da nata silinda na ƙarfe, a lulluɓe shi da jan ƙarfe, a sassaƙa masa ƙananan ramukan da ke riƙe tawada, kuma ni zan biya. Shi ya sa ba su buga kaɗan. Ragon Sallata ya tafi a nan.

Da kaya suka iso, farin nan babu shi. Wani dishi-dishin ja ya rufe takardar daga sama har ƙasa. Baba mai goro ya ɗaga ta sama, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Ɗana, mi ya sa ka bari sai da hunturu aka ɗauki hoton?"

Na kira mai kula da injin ina huci. Shi kuwa, Allah ya ba shi sanyin rai, sai ya buɗe mini aji. Wai silindan cikin tawada yake juyawa, akwai wata siririyar reza da ke kankare bayansa don tawadar ta rage a ramuka kawai. In bakin rezar ya cinye, ko zafi ya busar da sinadarin da ke tsinka tawadar ta yi kauri, sai ta riƙa sulalewa ta ƙarƙashi tana shafar inda ya kamata ya zauna fari. Na ce, "Malam, ilimi ya samu, kuɗina fa?" Ya ce sabis ba kyau.

Yanzu naɗin takardun sun cinye rabin ɗakin uwargida. Yara sun yi wa littattafansu bango da su, ita kuma a kan ɗaya take zama tana tsintar shinkafa. Jiya ta ce, "Maigida, ko su ko ni." Na roƙe ta ta ba ni zuwa bayan la'asar in yi lissafi, shi ne ban samu tuwon dare ba.