Ƙannena, ku duba aikinku kafin ku sayi laftof ɗin gem

Ɗalibanmu na Birnin Kebbi da Aliero, da ku na Argungu da Yawuri, ku yi haƙuri da ni. Da yawanku kuna matsa wa iyaye su saya muku laftof mai RTX, wato katin hoto mai ƙarfi na kamfanin Nvidia, wai don karatu, alhali gem ɗin ƙwallo na eFootball ne a ranku. Ku ji tsoron Allah da kuɗin iyayenku.

In aikinka Word ne da Excel da Zoom da rubuta furojek, katin hoton da ke cikin furosesa ya ishe ka. Iris Xe na Intel, wanda ya fito a 2020, ko Radeon 680M na AMD, za su ɗauki wannan, har da gem ɗin GTA V in ka rage ingancin hoto. Sai dai ba su da ma'ajiyar kansu, daga RAM suke ara. Don haka nemi RAM 16GB, kuma a sanda biyu (wato a rabe gida biyu), domin sanda ɗaya tana shaƙe su.

Nan ne wasu masu shago ke cin mutane. A ce maka "garafiks 8GB ne", ka cika kuɗi da murna. Buɗe Task Manager na Windows da hannunka, shiga Performance, danna GPU, wato katin hoto. Abin da aka rubuta Dedicated shi ne na katin, wanda aka rubuta Shared kuwa RAM ɗinka ne. Ƙananan katuna irin su MX250 ma, duk da tambarin Nvidia a jiki, sau da yawa Iris Xe yana kamo su.

Ko ka samu RTX na gaske, suna kaɗai ba ya faɗa maka ƙarfi. RTX 4050 na laftof ana iya saita shi daga wat 35 har 115, ya danganta da kamfanin da ya ƙera injin, kuma siririn laftof yawanci a ƙasa yake zama. Cajar injin gem kan kai wat 150 zuwa 230, ta ƙaramin laftof kuwa 45 ko 65 ce. Ka lissafa da ƙaramin solar ɗin gidanku. Da an ɗauke wuta ya koma batir, ƙarfinsa ya faɗi, batirin kuma ba ya jimawa. Ga zafin Afrilu a Kebbi da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Injin da ya yi zafi da kansa yake rage gudu, gem ya riƙa tsinkewa.

Mai Blender (manhajar zanen 3D), ko tace bidiyo, ko zanen gini, shi kam yana da hujja. RTX 4060 mai 8GB ya fi masa RTX 3050 mai 4GB nesa ba kusa ba. In na hannu zai saya, ya kunna gem mai nauyi na rabin awa a shagon, ya saurari fanka, ya taɓa saman kibod, kafin a fara ciniki.