Ku bar yara su zana tutarsu da hannunsu

Shekara uku ke nan, duk ƙarshen Satumba tsakar gidanmu a unguwar Mabera ta Sakkwato ke komawa kamar shagon masu fenti. Nakan shiga Babbar Kasuwa in sayo fararen riguna na yara, wani lokaci ma na gwanjo, da koren fenti, in tara 'ya'yana da na maƙwabta, kowa ya zana tutar Najeriya a rigar da zai sa ranar 1 ga Oktoba. Na san ana sayar da bugaggu a bakin titi, layinsu a miƙe sak, ba ɗigo ba ɓata. Duk da haka ba na saya, kuma ina roƙon iyaye su gwada abin da muke yi ko sau ɗaya ne.

Shekarar farko kwaɓa na yi. Fentin ruwa na 'yan makaranta na sayo, wanki ɗaya ya tafi da shi, autata ta yi kuka har ta gode Allah. Yanzu na koya. Fentin akrilik ake nema, ko wanda aka yi don yadi. A zura kwali cikin rigar don kada ya ratsa ta baya, a manna salatif layi biyu a tsaye, a yanka soson katifa ƙanana a ba kowa. Dangwalawa ake yi, ba gogawa ba. Sai a shanya a inuwa ta kwana, washegari a ɗora ƙyalle a bi ta da dutsen guga, fentin ya kama. Ƙananan da ba su iya riƙe soso ba, tafin hannunsu muke shafa wa kore su danna dama da hagu, tsakiya ta zauna fara.

Amma ba don rigar nake wannan wahala ba. Don tambayoyin ne. Yaron da aka miƙa wa riga a leda ba ya tambayar komai, sawa zai yi ya fita. Wanda koren ya maƙale masa a farce kuwa sai ya ɗago kai ya ce, "Inna, mi ya sa kore biyu, fari guda? Wa ya zana ta?" A nan nake gaya musu cewa wani ɗalibi ne mai karatu a Landan, Taiwo Akinkunmi, ya zana ta a 1959 ya ci gasa, har da jar rana a tsakiya wadda aka cire daga baya. Kore noma ne da albarkar ƙasa, fari zaman lafiya. Daga nan hira ta zarce: an ɗaga ta a Legas a 1960, Tafawa Ɓalewa na Firayim Minista, Sardauna ɗan Rabah na Firimiyan Arewa, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku na kan gadon Shehu. Babban ɗana bai san cewa Shehu Shagari, wanda yake jin sunansa kullum a garin nan, a ranar 1 ga Oktoba ta 1979 aka rantsar da shi Shugaban Ƙasa ba, sai da soso a hannunsa ya ji.

Bara ƙanin maigidana ya shigo ya tarar da mu, ya ce, "Yaya, kishin wace ƙasa kike koya musu? Ƙasar da mutanen Isa da Sabon Birni ba su iya kwana gidajensu?" Maganarsa ta soke ni, don gaskiya ce, kuma ni ma ina da dangi can. Ba na ɓoye wa yaran wannan, ba na ce musu komai lafiya lau. Abin da na ƙi shi ne su tashi suna ganin Najeriya kayan wasu ne, na masu jiniya da manyan riguna. Wanda bai ɗauki gona tasa ba, ba ya jin zafi in an shiga an yi mata ɓarna. Ina so in sun girma su ji zafin, su buɗe baki su nemi haƙƙinsu a matsayin masu abu.

A cikin yaran ranar akwai wata yarinya, ba ta wuce shekara tara ba, iyayenta sun baro ƙauyensu saboda 'yan bindiga suna zaune a layinmu. Tana jin bayanin launukan ba ta ce uffan ba. Da na zo duba tata, sai na ga ta ɓamɓare salatif ɗin da na manna mata, ta matsar da shi can gefe da gefe. Koren ya zama siriri kamar zare, fari ya cinye gaban rigar gaba ɗaya. Na ce, "Ɗiyata, ai daidai da daidai ake yin su." Ta ce ta sani, farin ne take so ya fi yawa.

Ban gyara mata ba. Haka ta sa ta ranar, ta kuma ci gaba da sa ta har koren ya koɗe.